Labarin Léon Teisserenc de Bort, Mutumin Da Ya Auna Sama Da Balan-balan Na Takarda

Yau za mu ba masu karatu labarin wani Bafaranshe mai suna Léon Teisserenc de Bort, wanda mutanen ƙasarsu ke faɗin sunansa kamar Tesarank da Bor. Don sauƙi, Tesarank za mu riƙa kiransa. Shi ne ya fara tabbatar wa duniya cewa iskar nan da ke bisa kanmu hawa-hawa take, kuma kowane hawa da irin halinsa. Abin da ya sa muka ga ya kamata malaman makaranta da akawuna su san labarinsa shi ne yadda ya yi aikin. Da kuɗin aljihunsa ya yi shi, kayan aikinsa kuwa ba su wuce takarda da kwando da agogo da ma'aunin zafi ba, sai kuwa haƙurin maimaita awo sau ɗaruruwa kafin ya buɗe baki.

ASALINSA DA FARKON AIKINSA

An haife shi a birnin Faris ran 5 ga Nuwamba, 1855, watau shekarar da Abdullahi Maje Karofi ya hau gadon sarautar Kano. Ubansa, Pierre Edmond, injiniya ne masanin sha'anin hanyar jirgin ƙasa, ya riƙe Ministan Gona da Ciniki na Faransa, daga baya kuma aka aike shi jakada birnin Biyana. Gidansu gidan masu hali ne, da yaron ya so zaman jin daɗi da ba wanda zai hana shi.

A 1880 ya kama aiki a Babban Ofishin Yanayi na Faransa, a ƙarƙashin wani shaihin malami mai suna Mascart. Aikin ofishin nan ya yi kama da na akawu. Kullum safiya labari na zuwa ta waya daga tashoshi, na zafi da ruwa da nauyin iska da inda ta fuskanta, a shigar a littafi, a zana a taswira. Daga cikin waɗannan lissafe-lissafe ne ya bi sawun mugun sanyin da aka yi a Turai a hunturun 1879 zuwa 1880, har ya lura akwai waɗansu wurare a bisa teku, kamar wajen tsibiran Azores da wajen Aisilan, inda iska mai nauyi ko marar nauyi ke zaune kusan kullum, kuma in sun gusa kaɗan sai yanayin Turai duka ya sauya. Har yau masana na aiki da wannan magana tasa.

Sau uku ya zo Afirka ta Arewa, a 1883 da 1885 da 1887, yana binciken duwatsu da ƙarfin maganaɗisun ƙasa, wanda ke juya allurar kamfas. A 1892 aka ɗaukaka shi ya zama babban masanin yanayi na ofishin. A 1896 shi da Hildebrandsson mutumin Suwidin da Riggenbach mutumin Suwizalan suka fid da littafin hotunan gizagizai, don masu duban yanayi na kowace ƙasa su riƙa kiran kowane irin girgije da suna ɗaya. A cikin wannan shekara kuwa, yana da shekara arba'in da 'yan watanni, ga muƙami ga albashi, sai ya ajiye aikin Gwamnati.

ABIN DA YA DAME SHI

Dalilinsa shi ne ya ga dukan awon da ake yi a ƙasa ake yinsa, alhali ruwa da iska da hadari daga sama suke fitowa. Mai neman sanin kogi yana kallon kumfar bakin gaɓa kaɗai, ina zai san zurfinsa?

Abin da aka sani a zamanin bai taka kara ya karya ba. An san in mutum ya hau dutse sanyi na ƙaruwa, kamar digiri 6 da rabi a kowace kilomita. Dalili kuwa shi ne rana ƙasa take fara gasawa, ƙasa kuma ta ɗumama iskar da ke kusa da ita. In iskar nan ta tashi sama, nauyin da ke danne ta ya ragu, sai ta buɗe, in ta buɗe kuwa sai ta huce. Saboda haka galibin masana suka ɗauka haka abin zai yi ta tafiya ba tsayawa. In an bi lissafin, kafin a kai kilomita 45 an isa iyakar sanyi duka, watau digiri 273 ƙasa da sifiri.

Waɗanda suka yi ƙoƙarin hawa su gani da idonsu sun sha wuya. Tun 1783 Faransawa suka ƙago balan-balan mai ɗaukar mutum. Ran 5 ga Satumba, 1862, wani Baturen Ingila, James Glaisher, ya tashi da matuƙinsa Coxwell. Da suka yi nisa iska ta yi musu kaɗan, Glaisher ya suma, hannuwan Coxwell suka sandare don sanyi, sai da haƙori ya ja igiyar sakin iska, suka sauko da kyar. Ran 15 ga Afril, 1875, Faransawa uku suka tashi a wani balan-balan mai suna Zénith, suka kai wajen mita 8,000. Biyu daga cikinsu, Sivel da Crocé-Spinelli, gawarsu aka sauko da ita. Na ukun, Tissandier, ya rayu, amma ya kurmance. A lokacin Tesarank yana ɗan shekara goma sha tara.

Dabarar da ta buɗe hanya ta fito ne daga waɗansu Faransawa biyu, Hermite da Besançon. A 1892 suka fara sakin ƙananan balan-balan ba kowa a ciki, sai na'ura mai rubuta awo da kanta. A watan Maris na 1893 ɗaya ya kai wajen kilomita 16. Na'ura ba ta numfashi, ba ta suma, in ta ɓace kuma asarar kuɗi ce kawai.

GIDAN AWO NA TRAPPES

Tesarank ya kafa gidan awonsa a wani fili a ƙauyen Trappes, kusa da Versailles, yamma da Faris. Da fari ya yi aiki da abin nan na ƙyalle da sanduna wanda iska kan ɗaga ana riƙe da shi da igiya, wanda Ingilishi ke kira da sunan shirwa. Yakan ɗaura na'ura, ya sake shi a kan siririyar wayar ƙarfe mai tsawon gaske. Amma wannan ba ya wuce 'yan kilomitoci, in wayar ta tsinke kuma sai ta faɗa wa mutane. Daga 1898 sai ya mai da hankali ga balan-balan.

A nan ne gwanintarsa ta fito. Balan-balan na siliki tsada gare shi, wanda ya saya ba zai iya saki kowane mako ba. Shi kuwa so yake ya yi awo da yawa, rani da damina, ran da gari ya yi kyau da ran da ya ɓaci. Sai ya sa aka riƙa yi masa na takarda, a shafe ta da mai don kada iska ta zurare, a cika da iskar haidirojin, wadda ta fi kowace iska rashin nauyi. Ya gina rumfa mai juyawa a kan gindinta, don a ba iska baya sa'ad da ake cika balan-balan, kada ta yage shi tun bai tashi ba.

A ƙarƙashin balan-balan akan rataya ɗan kwando. Cikinsa akwai ma'aunin nauyin iska, wanda ke nuna tsawon da aka kai, da ma'aunin zafi, da wani ɗan gwangwani da aka shafe da baƙin hayaƙi, agogo na juya shi sannu-sannu. Kowane ma'auni yana da tsinke, tsinken na karce hayaƙin, ya bar layi. In kwandon ya faɗo, sai a karanta layin a san irin zafi ko sanyin da aka tarar a kowane tsawo.

Saura a sami kwandon, gama iska na iya kai shi nesa ƙwarai. Don haka akan liƙa takarda ana roƙon wanda ya tsinta kada ya buɗe, ya aiko da labari, za a ba shi lada. Manoma da makiyaya kuwa suka riƙa mayarwa. Abin lura ne, domin a 1783, sa'ad da balan-balan na haidirojin na farko ya faɗa ƙauyen Gonesse, mutanen garin cewa suka yi dodo ne, suka far masa da kayan gona har suka kekketa shi. Jikokin irin waɗannan mutane ne suka zama mataimakan ilmi.

LAYIN DA YA ƘI SAUKA

Tun a 1898 da 1899 ya fara ganin wani abu da bai dace da karatun da aka yi ba. Layin zafi yakan yi ta sauka yadda aka zata, har wajen kilomita 11, inda sanyi ya kai kamar digiri 55 ƙasa da sifiri. Daga nan sai ya ƙi sauka. Balan-balan na hawa, layi na tafiya a miƙe, wani lokaci ma har ya ɗan ɗaga.

Waɗanda suka riga shi sun ga alamar haka, amma suka ce kuskuren na'ura ne, suna kuwa da hujja. Can sama hasken rana yana da ƙarfi, iska kuma ta yi shara-shara, ba ta isa ta fifita ma'auni ba, saboda haka mai yiwuwa zafin rana ma'aunin ke nunawa, ba na iska ba. Ga shi kuma balan-balan na takarda ba ya miƙewa, in ya kusa iyakarsa sai ya rage gudu, iskar da ke ratsa kwandon ta ƙara raguwa. Shi kansa Tesarank wannan zato ya fara yi.

Hanya biyu ke gabansa, kowace da sauƙinta. Yana iya gyara lambobin su dace da littafi, ba mai zarginsa. Yana kuma iya yin shela nan take don ya riga kowa suna. Bai bi ko ɗaya ba. Sai ya koma sakin balan-balan da dare, yadda zai kai can sama rana ba ta fito ba. In rana ce ke ruɗin ma'auni, ai da dare layin zai ci gaba da sauka. Aka saki, aka tsinto, aka duba, layi na nan a miƙe. Ya sake, ya kuma sakewa, cikin sanyi da cikin zafi, shekara bayan shekara, yana rubuta kome a littafi.

Sai ran 28 ga Afril, 1902, kamar wata tara kafin Turawa su shiga Kano, ya kai maganar gaban Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa. Ya zo da awon balan-balan 236 waɗanda suka wuce kilomita 11, 74 daga cikinsu sun kai kilomita 14. Ya nuna akwai iyakar da sanyi ke daina ƙaruwa, iyakar nan kuwa ba a wuri ɗaya take ba, takan hau in iska mai nauyi ce a ƙasa, ta sauko in marar nauyi ce.

Bayan kwana uku, ran 1 ga Mayu, wani Bajamushe, Richard Assmann, ya faɗi irin wannan magana a Majalisar Masana ta Balin. Shi da balan-balan na roba ya yi aiki, wanda ke kumbura yana hawa har ya fashe, laima ta sauko da na'ura. Awonsa kaɗan ne, amma da yake na roba ba ya rage gudu, ya kau da sauran shakkar da ta rage. Mutanen nan biyu sun san juna, kuma har yau tare ake ambatonsu a kan wannan bincike.

Daga baya Tesarank ya raɗa wa hawan biyu suna. Na ƙasa ya kira shi turofosfiya, watau sashen da iska ke jujjuyawa. Na sama kuma sitiratosfiya, watau sashen da iska ke kwance shimfiɗa bisa shimfiɗa.

TAFIYE-TAFIYENSA NA ƘARSHE

Bai ce abin da ya gani a bisa Faris ya ishi duniya ba. A 1902 da 1903 ya haɗa kai da masanan Denmak da Suwidin suka yi awo a Hald, kusa da Viborg. Daga 1905 shi da wani Ba'amurke, Lawrence Rotch, suka ɗauki nauyin wani jirgin ruwa mai suna Otaria, ya yi ta awon iskokin sama a ɓangaren zafi na tekun Atlantika. Daga 1907 kuma ya sa aka yi awo a Kiruna, can ƙuryar arewacin Suwidin. A 1908 Bajamushe Arthur Berson ya saki balan-balan a bisa tafkin Biktoriya a Afirka ta Gabas, ya sami sanyin digiri 84 ƙasa da sifiri a wajen kilomita 19.

Da aka haɗa waɗannan duka sai abin mamaki ya bayyana. Ashe iyakar nan ta fi tsawo a ƙasashen zafi, ta kuma fi sanyi, domin zafin ƙasa na tura iska ta yi nisa tana hucewa kafin ta tsaya. A bisa ƙasashen ƙanƙara na ƙarshen duniya tana wajen kilomita 8, a bisa irin ƙasarmu kuwa wajen 16 zuwa 18.

A 1908 ƙungiyar masana yanayi ta Ingila ta ba shi lambar zinariya ta Symons, a 1910 kuma aka zaɓe shi cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa. Ya mutu a garin Cannes ran 2 ga Janairu, 1913, yana da shekara 57, zamanin Sarkin Kano Abbas. Magadansa suka ba Gwamnati gidan awon don aikin ya ɗore. An sa wa wani rami a duniyar wata sunansa, da wani a duniyar Mirrihi.

Bai rayu ya ji dalilin abin da ya gano ba. A shekarar mutuwarsa ne Fabry da Buisson suka auna wata iska mai suna ozon da ke can sama, a 1930 kuma Chapman na Ingila ya bayyana yadda take samuwa. Ita ce ke shanye wani mugun sashe na hasken rana wanda ido ba ya gani, mai ƙona fata, shanyewar nan kuwa ita ke ɗumama hawan sama. A Trappes ɗin nan dai, a watan Janairu na 1929, Robert Bureau ya saki balan-balan da ɗan akwatin rediyo mai aiko da awo tun yana sama, aka huta da jiran mai tsintuwa. Ran 27 ga Mayu, 1931, Auguste Piccard da Paul Kipfer suka shiga wani ƙwallon ƙarfe rufaffe suka kai mita 15,781, suka zama mutanen farko da suka shiga hawan da Tesarank ya gano.

INDA ABIN YA SHAFE MU

Ga yadda malami zai kwatanta wa yara. Daga Wudil zuwa Kano kamar kilomita 40 ne. Da za a ta da hanyar nan tsaye, kafin a kai rabinta an wuce iyakar hawan ƙasa. A watan Afril, sa'ad da zafi ya kai digiri 40 a kasuwar Wudil, a bisa kanta wajen kilomita 17 akwai sanyin kamar digiri 80 ƙasa da sifiri. Hawan sama kuwa ya miƙa har wajen kilomita 50, inda sanyi ya sassauta ya komo kusa da sifiri.

Ana iya ganin iyakar da ido. Da damina, in hadari ya haɗo daga gabas da la'asar, a dubi kansa. Yakan yi ta toroƙo har ya kai wani tsawo, sa'an nan kan ya baje kamar maƙera. Iska mai ɗumi ce ke tashi muddin ta fi ta kewayenta ɗumi, in ta iso inda sanyi ya daina ƙaruwa sai ta rasa hanya, ta watsu gefe. Ruwa da ƙanƙara da tsawa, da hazon hunturu mai zuwa daga Bodele ta ƙasar Cadi, duk a ƙarƙashin wannan murfi suke.

Ƙasar Hausa ma ta ga irin wannan aiki. A watannin Agusta da Satumba na 2006 hukumar binciken sararin samaniya ta Faransa da waɗansu masana na Amurka suka saki manyan balan-balan daga Damagaram. Suka hau wajen kilomita 20, iskar gabas ta kora su yamma har bisa tekun Atlantika, suna sako ƙananan na'urori da laima. Abin da ake nema shi ne yadda hadarin da ke ratsa ƙasashenmu kan rikiɗe a teku ya zama babbar guguwa mai ɓarna a Amurka. Ban da wannan, a ɗaruruwan tashoshi na duniya ana sakin balan-balan sau biyu a yini, wajen ƙarfe ɗaya na dare da ɗaya na rana a agogonmu, da awonsu ne kuwa ake gaya wa matuƙin jirgin sama da manomi abin da ke tafe.

Aikin kuma ya yi araha fiye da zamanin Tesarank. A 2009 waɗansu ɗalibai na babbar makarantar fasaha ta Massachusetts a Amurka suka haɗa balan-balan na roba da 'yar kyamara da wayar hannu mai nuna inda take, a kan kuɗin da bai wuce dala 150 ba, suka ɗauko hoton duniya daga wajen kilomita 28, sama baƙi ƙirin da rana tsaka. A Wudil akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha, wadda aka buɗe a 2001, aka sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022, ga kuma makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Muna ganin wannan aiki bai fi ƙarfin ɗalibansu ba. Sai dai a kiyaye abu biyu. Haidirojin tana kama wuta nan da nan, don haka sai da malami gwani a kusa, ko kuwa a nemi iskar hiliyom, wadda ba ta kamawa ko da yake ta fi tsada. Kuma lalle a nemi iznin hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama tukuna, tun da filin jirgin Kano ba nisa.

Ga akawuna kuwa, su tuna hujjar Tesarank littafinsa ne. Da ya riƙa gyara lambar da ta saɓa wa zatonsa, da ba abin da zai kai gaban Majalisa a 1902. Mai rubuta awon ruwan sama a makaranta ko a ofishin gona ya rubuta abin da ya gani, da ranarsa da sa'arsa, ko da ya yi masa kama da kuskure. In yana shakka ya sake awo, ya rubuta duka biyun, ya bar na baya su duba.